Bishop ke sa hula, amma Akdikin ke riƙe da makulli

Jama'a ku ɗan ba ni aron kunnuwanku, yau kan wani muƙami na cocin Angalika zan yi magana, wato Akdikin, musamman na dayosis ɗin Kantabari a Ingila, dayosis kuwa shi ne yankin majami'un da ke ƙarƙashin bishop guda. Kowa idonsa na kan Akbishop, wato babban bishop, saboda shi ake gani da doguwar hula da sanda, amma ni tunda na bi tarihin kujerar nan na yarda cewa wanda ke riƙe da makulli da littafin lissafi ya fi mai hula sanin abin da ake ciki.

Asalin kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta shugaban dikinoni, su kuwa dikinoni masu hidima ne, su ke rabon abinci ga gwauraye da matalauta tun farkon ikilisiya. Kenan mutumin nan da farko ko cikakken limamin coci bai kai ba, mai ajiyar dukiya ne kawai kuma ɗan aiken bishop, shi ya sa ake masa kirari da idon bishop. To amma kun san halin kuɗi, duk wanda aka damƙa wa jaka a hankali sai ka ga magana ta koma bakinsa.

Dayosis ɗin Kantabari dai wani mai wa'azin Kirista, Augustine, ne ya kafa shi a 597. Wajen shekarar 803 akwai wani Wulfred da ke riƙe da kujerar Akdikin a can, a 805 sai ga shi ya zama Akbishop ɗungurungum. Amma inda kujerar ta yi ƙiba sosai shi ne bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, aka raba kotun coci da kotun gari, aka yanka wa kowane Akdikin yankinsa da kotunsa, shi ke shari'ar zina da ƙazafi da wasiyya da waɗanda suka ƙi biyan zakkar coci, kuma abin da ya ɓata lamarin shi ne tarar da ya ci mutane da kuɗin zagayen duba majami'u a ciki yake samun nasa, to don Allah alƙalin da cikinsa ya dogara da yawan masu laifi yaya za a yi ya so laifi ya ƙare? An ba kura ajiyar nama kenan. Sunansu ya ɓaci har ta kai malaman zamanin suna muhawara cikin ba'a wai shin Akdikin zai iya samun ceto kuwa.

Ku duba Thomas Becket. A 1154 aka ba shi Akdikin na Kantabari, ba a daɗe ba Sarki Henry na biyu ya ɗauke shi ya zama babban jami'in fadarsa, yana can yana hawan dawakai har da fita yaƙi a Faransa, kujerar coci kuwa tana hannunsa kuɗinta na shigo masa. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk tsawon shekarun nan dikin ne kawai, sai ana gobe za a keɓe shi Akbishop a watan Yunin 1162 sannan aka naɗa shi limami. Yadda aka kashe shi a cikin babbar majami'ar a 1170 wannan labarin wata rana ne.

A nan ne nake da ra'ayi, kuma na san wasu ba za su so ba. Akwai masu ganin wai an wulaƙanta kujerar da aka yi ta rage mata iko, ni kuwa gani nake ragewar ce ta cece ta. A 1662 aka ce dole mai riƙe ta ya zama limami, ba wani ɗan gatan fada ba da bai san hanyar majami'ar ƙauye ba. A 1840 aka ƙara sharaɗin sai ya yi shekara 6 yana limanci, a 1841 aka yanki Maidstone daga yankin na Kantabari aka ba wani, sannan dokar 1857 ta ƙwace shari'ar wasiyya daga kotunan coci gaba ɗaya ta mai da wa gwamnati. Duk wata kafa da kuɗi ke bi ta shiga aljihu aka toshe ta ɗaya bayan ɗaya.

Me ya rage masa? Aikin da ba mai yabawa. Rufin coci na yoyo shi za a kira, duk shekara 5 sai an duba lafiyar gini shi zai tabbatar an yi, limami ya saɓa da 'yan kwamiti shi ne mai sulhu, shi ke rantsar da wakilan ikilisiya duk shekara. Wallahi ni wannan ya fi min kama da dikinonin farko fiye da mai kotu da 'yan sammaci.

Gata ɗaya dai ba a taɓa ba, har yau duk bishop ɗin da aka naɗa ya shugabanci dayosis a lardin Kantabari, wato rukunin dayosis-dayosis da ke ƙarƙashin Akbishop na Kantabari, Akdikin na Kantabari ke da hurumin zaunar da shi kan kujerarsa. A 2007 Sheila Watson ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin, lokacin cocin Ingila bai ma yarda mace ta zama bishop ba, sai a 2014 aka amince. Wato shekara da shekaru mace ce ke zaunar da maza kan kujerar da ita doka ta hana ta hawa.