Yankin masana'antu ba ya ɗaukar mai walda da takarda

Lokacin da ake gina matatar man Dangote a yankin masana'antu na Lekki, wadda ke iya tace ganga 650,000 a rana, an yi ta ƙorafi kan dubban ma'aikatan da aka kwaso daga Indiya da wasu ƙasashe. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki: cikin masu waldar da suka cika Panteka a Kaduna da bakin titunan Kano, mutum nawa ne za su ci gwajin haɗa bututun da zai ɗauki iskar gas?

Maganar ta iso gida. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020, ga yankin masana'antu na Fanisau a Kano, ga kuma yankunan sarrafa amfanin gona da aka tsara wa Kaduna da Kano. Kowace masana'antar da za ta ja gas tana buƙatar masu haɗa bututu da tankuna, kuma ba ta tambayar wace makaranta ka yi. Ƙarfe take miƙo maka.

Gwajin da ake kira 6G ga yadda yake: a kafe bututu a karkace, digiri 45, ba a juya shi. Mai walda ne zai kewaye shi, ya yi ƙasa, ya yi gefe, ya yi sama da kansa. Daga nan a ɗauki hoton cikin haɗin da na'ura, ko a yanko ɓangare a lanƙwasa a ga ko zai tsage. Wanda ya shekara goma yana haɗa ƙofa da taga yakan faɗi a nan, ba don hannunsa bai iya ba. Bai taɓa koyon wasa bakin bututu ya bar tazarar da ta dace ba, don haka zubin farko ba ya ratsawa ciki. Ba a taɓa gaya masa cewa sandar walda ta E7018 tana shan raɓa ba, shi ya sa ake ajiye ta cikin tanda mai zafin kusan digiri 120. In ta kwana a buɗe da damina, haɗin zai cika da ƙananan ramuka ko ya tsage daga baya. Haka iska ke ɓata waldar agon, wato wadda ake yi da gas ɗin agon, idan ba a kāre wurin ba. Waɗannan duk abubuwa ne da ake koya cikin watanni, muddin akwai kayan ɓatawa.

To a nan gizo ke saƙar. A cibiyoyin horo, ana sayen injuna, a yanke zare, a ɗauki hoto, amma a manta da kuɗin sanda da guntayen bututu da gas da man janareto. Ɗalibai ashirin su taru kan inji ɗaya, goma sha tara suna kallo. Hannu kuwa ba ya faɗawa da kallo.

Kuɗin ba daga sama za su zo ba. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, kamfanoni na zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna ma tana da tsarin tantance ƙwarewar wanda ya koyi sana'a a hannun maigidansa. Abin da ya rage shi ne a fara daga inda ya kamata: kafin a ba kamfani fili, ya rubuta irin ma'aikatan da zai ɗauka, adadinsu, watan da zai buƙace su, da gwajin da zai yi musu. A kan wannan za a tsara horon, a ɗebo masu koyo daga Panteka da ire-irenta tunda sun riga sun saba da wuta, kuma mai binciken kamfanin da kansa ya yi gwajin ƙarshe.

Lokaci ma abin lura ne. A ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASME da manyan kamfanoni ke bi, shaidar mai walda tana mutuwa idan ya yi wata shida bai yi irin wannan waldar ba. Duk gwamnatin da ta yaye matasa shekara biyu kafin masana'anta ta kunna inji, to ta shirya sake biyan kuɗin gwajinsu.