Ku daina yi wa kwamfuta fomat saboda VirtualBox ya ƙi ganin intanet

'Yan uwa ɗaliban kwamfuta na Bauchi, musamman na Yalwa da Gwallameji, akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Yaro zai ɗora Ubuntu ko Kali (nau'o'in tsarin Linux) a cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, na'urar cikin ta ƙi tashi, ko ta tashi amma babu intanet, sai ya rungumi laftof zuwa shago a yi mata fomat. Kuɗi sun tafi, aikin furojet ya tafi, matsalar kuma tana nan daram.

Sau da yawa lambar siga ce ba ta zo ɗaya ba. VirtualBox ba shi kaɗai yake aiki ba. A Linux yana da 'yan taimako, vboxdrv da vboxnetflt da vboxnetadp, biyun ƙarshe su ke haɗa na'urar ciki da sadarwar waje. Ka ɗaga babbar manhajar zuwa 7.0, wadda ta fito a 2022, ka bar 'yan taimakon na 6.1, to fa ba za su ji yaren juna ba. Masu GNS3, manhajar gwada haɗa sadarwar kwamfutoci, ma sun sani: in lambar manhajar da ke kan allo ta saba da ta GNS3 VM, wato na'urar cikinta, ƙin haɗuwa suke yi.

Na san dalilin. Data ta yi tsada, shi ya sa muke yawo da manhaja a filash. Wannan ya ba ka tasa ta bara, wancan ya tura maka ɗan taimakon da ya sauke makon jiya, ka haɗa su. Ba laifi ba ne rabawa, wallahi taimako ne. Amma a raba cikakken saiti, jaka ɗaya, da lambar siga a sunanta.

Wani lokacin ma sabon siga ne ya canja doka. Tun daga 6.1.28, a Linux, hanyar host-only, wadda ke haɗa na'urar ciki da laftof ɗinka kawai, ba ta karɓar adireshi sai na cikin 192.168.56.0/21, sai in ka buɗe wani a /etc/vbox/networks.conf. Mai bin tsohon bidiyon YouTube zai kwana yana zargin kansa a banza.

Masu shago da masu koyarwa, don Allah kafin ku taɓa komai ku buga VBoxManage --version, sannan modinfo vboxdrv, ku kwatanta lambobin biyu a gaban yaron, ya gani da idonsa.