Wanda zai sauya rim ɗin motarsa, ya fara tambayar ina sensar taya za ta koma

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin masu motoci a garuruwanmu wadda take damuna ƙwarai. Mutum zai sayi Camry ko Corolla da aka shigo da ita daga Amurka, ya ga rim ɗin da ta zo da shi bai yi masa ba, sai ya nufi kasuwar kayan mota ya zaɓi aloyi, wato rim na alminiyam, mai sheƙi, inci 18 a maimakon 16, a ɗaura masa nan take. Ba ni da ja da wannan, domin motarsa ce, kuma son ado ba laifi ba ne. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake bar wa mai shago tsofaffin rim ɗin a matsayin ciko, tare da sensa huɗu masu auna iska da ke maƙale a cikinsu, alhali mai motar bai ma san da zamansu ba.

Sensar 'yar ƙarama ce, tana zaune a gindin bawul ta cikin rim, inda ido ba ya kaiwa sai an cire taya. Batirinta a rufe yake ciki, yakan yi shekara 5 zuwa 10, kuma idan ya mutu sai dai a sauya ta gaba ɗaya. Aikinta shi ne ta riƙa auna iskar tayar tana aika wa kwamfutar mota, ta yadda da zarar iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 daga abin da kamfani ya rubuta a bakin ƙofar direba, sai fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, ta kama a gaban direba.

Ba don ƙawa aka sa ta ba. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa bayan da suka riƙa ɓarewa a kan hanya, galibi a jikin Ford Explorer, lamarin da aka danganta da mutuwar fiye da mutum 200. Zafi da ƙarancin iska suna cikin abubuwan da aka yi ta magana a kansu. A wannan shekarar majalisar Amurka ta yi dokar kiyaye lafiyar taya da ake kira TREAD, kuma daga watan Satumba na 2007 ya zama dole kowace sabuwar ƙaramar mota a can ta zo da wannan tsari. Turai ta bi sahu a watan Nuwamba na 2014. Ke nan akasarin motocin da muke saya na hannu daga waɗannan ƙasashe da shi suke zuwa, mu ne muke kashe shi da hannunmu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wanda ya ƙara girman rim shi ya fi kowa buƙatar wannan gargaɗi. Babban rim yana tafiya ne da taya mai gajeren gefe, irin wadda iskarta za ta ragu sosai amma ka tsaya a kanta ka ga kamar lafiya lau take. Rami ɗaya ya isa ya ɗan lanƙwasa bakin rim, iska ta fara tsiyayewa a hankali. Tayar da ba ta da isasshiyar iska kuwa tana murɗewa a kowane juyi, murɗewar tana haifar da zafi, idan aka haɗa da zafin kwalta na watan Afrilu da gudu da kaya a hanyar Kano zuwa Kaduna, to ƙarshenta fashewa. Ko sanyin hunturu kaɗai yana rage iska, kusan psi 1 (ma'aunin iskar taya) a duk saukar digiri 5 zuwa 6 na Celsius.

Saboda haka ina ganin maganar sensa dole ta shiga cikin ciniki tun kafin a biya kuɗi. A gwada sensa ɗaya a ramin bawul na sabon rim a gani ko ta zauna daidai, domin wasu rim ɗin kusurwar raminsu ba ta ba ta wuri, sai ta tsaya a karkace, tayar ta riƙa gugarta lokacin ɗaurawa. Idan ta zauna, a kwashe tsofaffin sensar a mayar a sababbin rim, da sabuwar roba da sabon noti, kada a ɗaure notin da ƙarfin tsiya domin bakin bawul ɗin na alminiyam ne, yana karyewa. Ba a sa ƙwayar bawul ta tagulla a bakin alminiyam, saboda suna cin juna su manne, sai mai rufin nikel. Mai faci ma a gaya masa akwai sensa kafin ya sa ƙarfe, ya fara danna tayar daga nesa da bawul. Na ga an ciro sensa daga cikin taya ta rabu gida biyu, robarta a gefe, bakinta a jikin rim, saboda liba ta sauka a kanta kai tsaye.

Idan sababbi za a saya, a lura cewa sensar tana aika saƙonta ne ta zangon rediyo: akasarin motocin Amurka suna aiki da 315 MHz, na Turai kuwa 433 MHz, kuma kowace sensa tana da lambarta da dole kwamfutar mota ta sani. Wasu motocin suna gane ta da kansu bayan 'yar tafiya, amma yawancin Toyota sai an jona na'urar bincike ta wurin OBD, wato soket ɗin da ke ƙasan sitiyari, an shigar da lambar. Akwai kuma sensar kamfanoni irin su Autel da Schrader da ake kwafa musu lambar tsohuwar. Mai Honda Accord daga 2013 zuwa sama ba shi da sensa a taya, domin motarsa tana lissafi ne da saurin juyin ƙafa ta hanyar tsarin birki na ABS, abin da ke kansa shi ne ya kiyaye tsayin tayar gaba ɗaya, ya sake saita tsarin bayan sauyi.

Na san za a ce an yi shekaru ana tuƙa Peugeot 504 babu wannan fitila, kuma kuɗin sensa ba kaɗan ba ne. Gaskiya ne, amma direbobin wancan lokaci suna auna iska kafin tafiya, tayoyinsu kuma masu tsawon gefe ne da ke nuna rashin iska a fili. Wanda ya iya sayen aloyi huɗu da tayoyi huɗu bai kamata sensa ta gagare shi ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne manna baƙin salatif a kan fitilar, ko zuba sensar cikin bututun roba a hura masa iska a jefa a but don a yaudari kwamfuta. Fitilar da ta yi ƙiftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya a kunne tana nufin tsarin ne ya lalace, kuma daga ranar ba za ta ƙara sanar da kai komai ba, ko da tayar baya tana zubar da iska kana ɗauke da iyalinka. Wanda ya riga ya sauya rim kuma fitilarsa take haka, ya koma wurin mai shagon ya nemi sensarsa, kafin nan kuma ya ajiye geji a mota yana auna tayoyinsa da safe kafin su yi zafi.