Sunan ɗan wasa a jikin sandar besbol ba shaida ba ne

Masu tara tsofaffin sandunan besbol da yawa na ɗauka cewa duk sandar da aka ƙona sa hannun Babe Ruth, shahararren ɗan wasan besbol na Amurka, a jikinta, shi ya yi wasa da ita. Ba haka abin yake ba. Tun 1905, da ɗan wasa Honus Wagner ya amince a riƙa sa sunansa a sandunan Louisville Slugger, kamfanin da ke ƙera su ke buga sunayen fitattun 'yan wasa a sandunan da ake sayar wa kowa a kantunan Amurka.

Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne tambarin tsakiyar sanda. In an rubuta Hillerich & Bradsby, to ba ta girmi 1916 ba, shekarar da kamfanin ya ɗauki wannan suna. Sai gindin mariƙi: ta kanti galibi tana ɗauke da lambar tsawonta a inci, kamar 34 ko 35. Ta ƙwararru kuwa, daga shekarun 1940 lambar samfuri ake bugawa a wurin, kafin a mayar da ita kusa da sunan ɗan wasa a 1976.

Ko wannan ma bai wadatar ba. Masana kan gwada tsawo da nauyi da kundin odar da kamfanin ya adana, su duba tabon ɗinkin ƙwallo a katako, su kwatanta zanen itacen da tsofaffin hotuna. Abin takaici, wasu na goge tsohuwar sanda su shafa mata fenti don ta yi kyau, su share shaidar da ke ɗaga darajarta.