Ganuwar Wajen Fadar Stirling Ba Ta Zamanin Wallace Ba Ce

Da yawa daga cikin masu ziyartar fadar Stirling a ƙasar Sikotlan suna ɗauka cewa ganuwar da suke fara cin karo da ita a bakin shiga ita ce mafi tsufa, har suna danganta ta da yaƙe-yaƙen William Wallace, jagoran 'yan Sikotlan da ya yaƙi Ingilishi kafin 1314. Wannan fahimta ba daidai ba ce, domin bayan yaƙin Bannockburn a 1314 Sarkin Sikotlan Robert Bruce ya sa an rushe katangun wancan zamanin don kada Ingilishi su sake fakewa a ciki.

Mafi yawan ganuwar waje da ake gani yau an gina ta ne tsakanin 1708 da 1714, a mulkin Sarauniya Anne, saboda fargabar magoya bayan reshen gidan sarautar Stuart da aka tsige. Shi ya sa aka yi ta gajera mai kauri, da rami a gabanta da ɗakunan fakewar sojoji a jikinta, tunda doguwar katanga ba ta jure harbin igwa. Ta kuwa yi amfani a 1746, lokacin da dakarun Yarima Charles Edward Stuart, ɗan wannan reshen da aka tsige, suka kewaye fadar amma suka kasa cin ta.