Kashi 30 na furotin a jikin buhu: kada ka yarda da lambar ita kaɗai

Masu kyanwa da yawa, da zarar sun ga an rubuta furotin kashi 30 a jikin buhun abinci, sai hankalinsu ya kwanta. Ni dai lambar nan ba ta gamsar da ni, saboda abin da ya faru a Amurka da Kanada a 2007.

Gwajin da aka saba yi ba ya auna furotin kai tsaye. Sinadarin naitirojin yake aunawa, sai a ninka da 6.25 a ce ga furotin. To melamin, wanda ake yin faranti da kofin roba da shi, kusan kashi 66 na nauyinsa naitirojin ne. Wasu 'yan kasuwa a China suka zuba shi cikin garin alkama na yau da kullum, suka sayar a matsayin gulutin, wato furotin ɗin alkama, aka saka shi a abincin dabbobi. Gwaji ya wuce lafiya lau. A watan Maris na shekarar kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwani da ledojin abincin kyanwa da karnuka wajen miliyan 60 daga kasuwa, wasu kamfanonin suka biyo baya.

Melamin shi kaɗai ba ya saurin kisa. Haɗuwarsa da sinadarin sayanurik asid, wanda shi ma yana cikin garin, ita ce masifar: su biyun suna daskarewa su zama ƙananan duwatsu a cikin siraran hanyoyin ƙoda, su toshe su. Kyanwa kuwa ba ta shan ruwa sosai, fitsarinta mai kauri ne, ga shi abinci iri ɗaya take ci safe da yamma, nauyinta wajen kilo huɗu ne kawai. Guba kaɗan ta ishe ta.

Idan ka buɗe sabon buhu, cikin 'yan kwanaki kyanwarka ta fara amai, ta ƙi cin abinci, tana kwance kawai, tana yawan shan ruwa da fitsari ko fitsarin ya ɗauke, dakatar da abincin nan take. Kada ka zubar da shi. Ɗauki hoton lambar rukunin da aka sarrafa (batch number) da ke jikin buhun da ranar ƙarewar wa'adi, ka ƙulla ɗan abincin a leda ka saka a firiza, ka kai ta wurin likitan dabbobi ya duba kiriyatinin da yuriya a jini, masu nuna lafiyar ƙoda, ya gwada fitsari. Kuma don Allah ban da farasitamol; ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Abincin da aka farke buhunsa ana aunawa a leda, ba suna ba lamba, shi ne ya fi ba ni tsoro. Ko kamfani ya janye shi, ba ka da hanyar sanin naka yana ciki.