Akawun banki mai fam 18 a wata, sai ka yi lissafi tukuna

Ni dai nan Ingila nake zaune, kuma na riƙe irin wannan akawun ɗin kusan shekara uku, wanda banki ke cire maka kuɗi duk wata ya ce ya haɗa maka inshorar waya, ta tafiya, da masu zuwa jan mota in ta mace a hanya. Fam 18 a wata fa fam 216 ke nan a shekara, ba wasa ba. In kai da madam kuna akawun ɗaya, ga mota ga wayoyi masu tsada, to wallahi akwai sauƙi, ya fi ka sayi inshorar nan ɗaiɗai. Amma mu masu zuwa gida a kula, yawancin inshorar tafiyar nan ba ta biya in ka je inda gwamnatin Birtaniya ta ce kar a je, irin su Borno da Yobe, ni kuma Damaturu nake zuwa duk sallah, ka ga kuɗina kawai suke ci. Ga masu hawan jini ko suga, in ba ka faɗa musu tun farko ba ranar biya za su zame maka. Mota ma ba ni da ita lokacin, bas nake hawa. Na rufe shi na koma na kyauta abina.